FASAHOHINMU NA GADO DA LAFIYAR ƘWAƘWALWA: AIKIN DA KE JIRANMU A GIDA

Jawabin da Kwamitin Lafiya da Jin Daɗin Jama'a ya gabatar a Babban Taron Shekara-shekara na Ƙungiya, washegarin Babbar Sallah

  



GABATARWA

A tarukanmu na baya mun saba tattaunawa a kan rijiyoyin burtsatse, da gyaran ajujuwa, da taransifoma, da hanyar da ta haɗa mu da babban titi. Waɗannan duk ayyuka ne da ido ke gani, a ɗauki hotonsu a buga a mujallarmu, kowa ya san inda gudummawarsa ta shiga. A bana shugabanni sun ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da hoto ba ya kamawa, wato lafiyar ƙwaƙwalwar jama'armu, da halin waɗanda aka ture gefe a cikinmu, da kuma irin rawar da fasahohinmu na gado za su iya takawa wajen dawo da su cikin mutane.

Za mu fara da abin da muka gani da idonmu. A lokacin da muke zagayen unguwanni domin shirya wannan jawabi, an kai mu wani gida inda muka tarar da wani saurayi a ɗakin baya, ƙafarsa da tabon mari. Ya je birni neman kuɗi, ya faɗa shaye-shaye, hankalinsa ya taɓu. Danginsa sun yi ƙoƙari, sun sayar da akuyoyi sun kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya sha magani, ya dawo gida garau. Amma da ya dawo, babu majalisar da ta matsa masa wuri a tabarma. Wanda ya koya masa sana'a ya ce ba ya bukatar yaro. Yara suna binsa da waƙar tsokana. Bayan 'yan watanni ya daina fita, ya daina shan magani, ciwo ya dawo sabo. Mahaifiyarsa ta ce da mu: "Asibiti sun yi nasu, gari ne bai karɓe shi ba." Wannan magana tata ita ce ginshiƙin duk abin da za mu faɗa a yau.

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya, wato kimanin mutum miliyan 970, yana fama da wani nau'i na larurar ƙwaƙwalwa. Mafi yawan waɗannan ba su ne masu yawo a bola da tsummokara ba. Masu ciwon damuwa ne da masu fargaba, waɗanda suke tare da mu a masallaci da kasuwa, barci ya ƙaurace musu, abinci ba ya musu daɗi, kuma ba su da wanda za su faɗa wa.

A Nijeriya, binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Mun kuma tuna yadda a watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da ɓarnar da yake yi wa matasa da matan aure ta fito fili. A ɗaya gefen, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Maiduguri, duk suna nesa da talakan ƙauye, wanda kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi komawa ganin likita.

Ga kuma sabon nauyin da ya hau kanmu. 'Yan uwanmu na ƙauyukan kewaye da 'yan bindiga suka tarwatsa suna zaune a cikinmu, wasu a kangaye, wasu a raɓe a gidajen dangi. A cikinsu akwai matan da aka kashe mazajensu a gabansu, da yaran da ke firgita idan babur ya wuce da dare. Buhun masara yana maganin yunwarsu, amma ba ya cire abin da idonsu ya gani.

Doka ta riga ta yi gaba ta bar mu. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu naƙasa. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙin mai wannan larura a kan magani da aiki da muhalli. Ba mu manta da abin kunyar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane ɗaure da mari daga wasu gidajen horo a Kaduna da Katsina da wasu jihohi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rashin wata mafita ce ta kai su. Doka tana iya kwance mari, amma ba ta iya sa maƙwabci ya yi wa mutum sallama. Wannan ɓangaren namu ne.

ABIN DA MUKE DA SHI A DA

Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Kakanninmu ba su san sunayen cututtukan da likitoci ke kira a yau ba, amma sun tsara rayuwa ta yadda da wuya mutum ya kwana ya tashi shi kaɗai da baƙin cikinsa.

Mu duba rayuwar mata. Matar da kishiya ko uwar miji ta ƙuntata wa takan durƙusa a kan dutsen niƙa ta rera waƙa, ta amayar da abin da ke ranta cikin habaici, gida ya ji, wanda ya yi laifi ya gane. A wurin daka ana lugude, ana raha. 'Yan mata suna gaɗa a dandali idan farin wata ya fito. A biki da suna ana kiɗan ƙwarya, irin wanda marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shahara da shi, tana zaburar da mata su kama sana'a. Da dare kuma kaka tana tara jikoki ta yi musu tatsuniya, maraya da mai iyaye duk a tabarma ɗaya.

Maza suna da gayya, inda kiɗa ke sa gajiya ta zama nishaɗi, da kokawa da dambe da langa bayan kaka, da tashe a watan azumi, wanda ke ba yara damar yi wa manya gyara cikin wasa. Akwai zaurukan maɗinka hula, da rumfunan dukawa, da maƙera, da marina, inda hannu ke aiki baki yana hira. Akwai wasan taubasai da na tsakanin ƙabilu da garuruwa, wanda ke kashe gaba tun kafin ta yi jijiya. Darajar wannan al'ada ta kai har hukumar UNESCO ta sanya irin wadda ake yi a Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Haka nan fasaha ta daɗe tana ba masu naƙasa da marasa gata matsayi a ƙasar Hausa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun shiga kowane lungu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, maraici ne ya ba shi suna, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, ya sa aka dube su da idon mutunci. Kurame suna da maganar hannu, wadda masu ji da yawa a kasuwanni suka iya gwargwado. Sarakunanmu kuma sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu domin kowane rukuni ya sami bakin magana a fada.

Ga masu ganin wannan duk wasa ne da bai dace da mutanen kirki ba, muna tunatar da su Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, da ta ga matan karkara cikin jahilci da ɗimuwa, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji, ta ba su waƙoƙin da ta tsara, suna haddacewa suna kai wa mata har ƙauyukansu. Da waƙa ta ilmantar da su, ta kuma haɗa su cikin al'umma ɗaya.

Ba mu ce zamanin da ba shi da aibu ba. A lokacin ne ake sa mai taɓin hankali a turu, ake gudun mai farfaɗiya bisa zaton ana ɗaukarta, alhali ba a ɗauka. Abin da muke cewa shi ne, injin niƙa ya ɗauke wahalar dutse, ya kuma tafi da waƙar. Tsoron dare ya rufe dandali. Wayar hannu ta raba yaro da kakarsa. Mun rabu da tsofaffin hanyoyin sanyaya zuciya ba tare da mun kafa wasu a madadinsu ba.

ABIN DA ILIMI YA TABBATAR

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan fage. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan kula da jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya kuma nuna cewa na biyun yana bukatar magani kamar sauran cututtukan jiki. A asibitin da Daular Usmaniyya ta gina a birnin Edirne na Turkiyya a 1488, ana amfani da sauti mai daɗi da ƙarar ruwa da aikin hannu wajen jinyar masu taɓin hankali.

A nan gida Nijeriya, a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyata, sai aka sama musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan uwansa. Da rana su je karɓar magani, sauran lokaci su yi rayuwa cikin jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya kai matsayin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

A 2019 reshen Turai na wannan hukuma ya fitar da rahoton da ya tattara sakamakon bincike fiye da 3,000 a kan alaƙar fasaha da lafiya. Rahoton ya nuna cewa waƙa, da zane, da wasan kwaikwayo, da karatu, da sana'ar hannu suna taimakawa wajen rigakafi da kuma jinya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai rera waƙa cikin jama'a numfashinsa yana daidaita, jikinsa ya saki. Mai ɗinkin hula hankalinsa yana kan allura da zare, saƙe-saƙen zuci su lafa na ɗan lokaci. Wanda ya san ana jiransa a wani wuri ranar Talata yana da dalilin yin wanka ya fito. Wanda ya ƙera abu aka yaba, ko aka saya, yana jin shi ma mutum ne. Abin da baki ya kasa furtawa kuma yakan fito a zane ko a wasa.

Misalai biyu daga Afirka sun fi kama da halinmu. A Gambiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, akwai ƙungiyoyin mata da ake kira Kanyeleng, matan da suka sha fama da rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya, waɗanda aka sani da waƙa da barkwanci a bukukuwa. Masu bincike sun haɗa kai da su suna zama da masu juna biyu a asibitocin awo sau ɗaya a mako har mako 6, ana waƙa tare. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna alamun damuwa sun ragu ga matan da suka halarta fiye da waɗanda ba su halarta ba, ko da yake gwajin ƙarami ne. A Zimbabuwe kuma Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, daga nan a haɗa su rukuni-rukuni suna saƙa jakunkuna suna sayarwa. A 2016 aka wallafa binciken da ya tabbatar da amfanin tsarin. Tsofaffi masu hikima da mata masu waƙa kuwa, garinmu bai rasa su ba.

IYAKOKIN DA ZA MU KIYAYE

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan. Waƙa da sana'a ba sa maye gurbin likita. Mutumin da ke jin muryoyin da babu su, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana surutai, ko yake maganar kashe kansa, ko mai jegon da ta juya wa jaririnta baya, ko mai farfaɗiya, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su. Aikin fasaha yana zuwa ne a farko, domin kada ƙaramar damuwa ta girma, da kuma a ƙarshe, domin wanda ya warke ya sami wurin komawa.

Haka kuma mun san malamai suna da maganganu a kan kiɗa, kuma ba mu zo yin gardama da kowa ba. Duk abin da za a yi, za a tsara shi ne da shawarar malamanmu, maza daban mata daban, ba tare da batsa ko shagala da lokacin salla ba. Fagen yana da faɗi: rubutattun waƙoƙi, da ƙasidu, da tatsuniya, da kacici-kacici, da zayyana, da saƙa, da ɗinki.

SHAWARWARIN KWAMITI

Na farko, a gyara tsohon ɗakin taron Ƙungiya ya zama zauren sana'a, inda dattawan maɗinka hula da dukawa da masu saƙar tabarma za su riƙa koyarwa. Kada a rubuta a ƙofa cewa wurin masu taɓin hankali ne ko na 'yan ƙwaya, domin ranar da aka yi haka babu uban da zai bar ɗansa ya shiga. A buɗe shi ga kowa, a kuma tabbatar an jawo waɗanda suka dawo daga jinya, da guragu, da kurame.

Na biyu, a kafa zaman mata na mako-mako a kowace unguwa ƙarƙashin wata dattijuwa da ake ganin girmanta, a haɗa saƙar faifai da ƙunshi da adashe da waƙoƙin mata masu tsafta. A ba da fifiko ga zawarawa, da masu jego, da matan da suka yi gudun hijira zuwa cikinmu.

Na uku, a dawo da dandalin yara da yamma kafin magariba a filin makarantar firamare, sau biyu a mako, da tatsuniya da zane da wasannin gargajiya, 'ya'yan gari da 'ya'yan baƙi da almajirai a wuri ɗaya. A riƙa ɗaukar muryoyin tsofaffinmu kafin su tafi da abin da suka sani.

Na huɗu, matasa su kafa rukunin wasan kwaikwayo irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara kaiwa Samaru da ƙauyukan Zariya tun shekarun 1970, inda mutanen gari ke tsara wasa a kan matsalarsu, su nuna, a tattauna. Wasan farko ya kasance a kan tsangwamar wanda ya warke.

Na biyar, 'ya'yan garin nan likitoci da ma'aikatan jinya su horar da masu kula da waɗannan wurare yadda ake sauraro, da riƙe sirri, da gane alamun haɗari. A kuma ware wani kaso na asusun Ƙungiya domin kuɗin mota da magani ga marasa hali.

KIRA GA 'YAN UWA MAZAUNA BIRANE

'Yan uwa, yawancinmu sau biyu muke zuwa gida a shekara, mu raba kuɗi a ƙofar gida, mu koma. Allah Ya saka da alheri, amma zumunta a ƙafa take. Muna roƙon kowane reshe ya ɗauki nauyin ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari biyar kafin a tashi daga wannan taro, ya kuma kawo rahoto a taron baɗi. 'Yan kasuwarmu su nema wa huluna da fayafayan zauren kasuwa a Kano da Abuja da Legas, domin sana'ar da ba ta kawo ko sisi ba ta daɗewa. Idan za mu yi rabon kyauta a bikin 'ya'yanmu, mu saya daga gida. Malaman makaranta da marubuta da masu shirya fim a cikinmu su ba da kwana biyu daga hutunsu.

Kada kuma mu ɗauka wannan matsalar mutanen ƙauye ce. A cikin wannan rumfa akwai wanda ya rasa aiki bai faɗa wa kowa ba, akwai wanda ɗansa ke shaye-shaye a bayan dogon gini da ƙofar ƙarfe. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma akwai abin da idan ciki ya riƙe shi yakan kashe mai shi. Wurin da muka gina wa ɗan wani yau, wataƙila namu ne zai fake a ciki gobe.

KAMMALAWA

Saurayin nan da muka ambata a farko an sake mayar da shi asibiti, ya dawo. Wani dattijo maɗinkin hula a unguwarsu, Allah Ya yi masa albarka, ya ce a riƙa turo masa shi zaure kowace safiya. Ba mu ce ya warke sarai ba, har yanzu yana shan magani, wata rana ya zo wata rana ya ƙi. Amma ranar da muka koma mun same shi a tsakiyar mutane da allura a hannu, ana gardamar farashin taki yana sa baki. Dattijon nan bai jira kwamiti ko kasafin kuɗi ba. Abin da muke nema shi ne Ƙungiya ta yi wa mutane da yawa abin da shi ya yi wa mutum ɗaya.

 Kurakuran da ke cikin wannan jawabi namu ne, muna neman afuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, amin.